Haɗa sabuwar rauta a gida: daga kwali har intanet ta kama

Assalamu alaikum. Ga sabuwar rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ta Wi-Fi, ga cajarta, ga kebul guda ɗaya. Kafin ku jona ta a wuta, ku juya ta ku duba ƙasanta. Akwai 'yar takarda manne a jiki mai ɗauke da sunan Wi-Fi, kalmar sirrinsa, adireshin shiga saiti da kalmar sirrin mai kula da na'urar. Ku ɗauki hotonta da waya, don zafi da ƙura suna goge rubutun.

A Gusau, Ƙaura Namoda da Talata Mafara, wadda aka fi gani ita ce rauta mai cin layi, irin ta MTN ko Airtel. Ku sa layin tana kashe, ku bi ɗan zanen da ke bakin ramin. Layin ya zama mai rajista, an haɗa shi da NIN, kuma da data a ciki. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, waya za ta kama Wi-Fi cif, amma ko saƙon WhatsApp ba zai fita ba. Wanda kuma aka jawo wa fayiba, kebul ɗin da ya fito daga akwatin kamfani ramin WAN zai shiga, wanda galibi launinsa daban ne. Ramukan LAN na kwamfuta da talabijin ne. Siririyar igiyar fayiba kuwa gilashi ne a cikinta, kada a lanƙwasa ta.

Yanzu ga inda aikin yake: wurin ajiya. Rauta mai layi tafiya biyu sabis ɗinta yake yi, daga turken kamfani zuwa gare ta, sannan daga gare ta zuwa wayarku. Mutane suna kula da ta biyun su manta da ta farko, sai su tura ta bayan talabijin, ƙasa-ƙasa, a ɗaki mai katangar bulo da rufin kwano. Ƙarfe yana mayar da sabis baya, bango mai kauri yana shanye shi. Ku ɗora ta sama, kamar mita 1.5 zuwa 2 daga ƙasa, kusa da tagar da ke fuskantar turken unguwarku, nesa da firji da tankin ruwa.

Kada ku tsaya kan sandunan sabis da ke fuskarta, ba su faɗin komai dalla-dalla. Ku haɗa waya da Wi-Fi ɗin, ku buɗe burauza, ku rubuta adireshin nan, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. A shafin bayanin na'ura, yawancinsu suna nuna wata lamba mai suna RSRP, wadda ke auna ƙarfin sabis ɗin da rautar ke samu daga turke. In tana wajen -80, sabis ya yi kyau. In ta gangara ƙasa da -100, rauni ya fara, -110 kuwa wahala ce. Ku kai rautar kowace taga, ku jira minti 2, ku duba lambar. Tagar da ta fi, nan ne gidanta. Wannan zagayen ya fi sayen rauta mai tsada amfani.

Tunda kuna cikin saiti, kalmar sirri biyu za ku canja. Ta mai kula, wadda sau da yawa admin ce kawai, kowane yaro a unguwarku ya san ta. Sai ta Wi-Fi: na'ura za ta karɓi harafi 8, amma ku yi 12 ko fiye, haruffa da lambobi a gauraye, ban da lambar wayarku da sunan ɗanku. Tsaro ku zaɓi WPA2 ko WPA3, ku kashe WPS, wato hanyar haɗa waya da Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Da kun adana, wayar za ta sauka daga Wi-Fi. Ba lalacewa ba ce, sabuwar kalmar take jira.

In kun ga sunan Wi-Fi biyu, 2.4GHz ya fi ratsa bango ya kai zaure, 5GHz ya fi gudu amma sai a kusa. 5GHz ɗin nan ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba.

Sai wuta. Yawancin waɗannan na'urori bolt 12 suke ci, ku karanta jikin cajar, kada ku sa mata wata don kawai bakin ya shiga. Cajar da ba ta ba da isasshen ƙarfi ita ke sa rauta ta riƙa mutuwa tana tashi. Ƙaramin UPS na rauta yana riƙe ta awoyi in an ɗauke wuta, ya kuma rage mata bugun dawowarta. A zafin Maris zuwa Mayu kada rana ta same ta kai tsaye a taga, kada kuma a lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, ramukan jikinta na shan iska ne.

In intanet ta tsaya, ku fara duba data, sannan ku zare caja daƙiƙa 30 ku mayar. Ɗan ramin da aka rubuta Reset shi ne na ƙarshe: a danna da tsinke kamar daƙiƙa 10, ya share duk saitin da kuka yi, ku koma ga sunan da kalmar sirrin da ke cikin hoton nan.