Arzikin Daji da Alƙalumma Suka Tsallake

Ganyen kuka, kalwar da ake yin daddawa, tsamiya, zuma, ƙaro, man kaɗe, kabar saƙa tabarma. Duk daji ne ya ba da su, kuma ba sai an sare bishiya ba. To, nawa ne kuɗinsu a shekara?

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa a 2011 irin waɗannan kaya sun samar da kusan dala biliyan 88 a duniya. Amma da ta tattara abin da ƙasashe suka rubuto da kansu na shekarar 2015, bai kai biliyan 8 ba. Hanyar lissafin ta bambanta, gaskiya, sai dai giɓin ya yi yawa.

Dalilin shi ne, abin da ya bi ta hannun kwastam shi ake ƙirgawa. Dubi ƙaro. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Najeriya na biye. Kamfanonin lemon kwalba da alawa da magunguna ba sa iya yi sai da shi, har ma da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ƙaro ya samu sassauci. Shi kam yana da lamba, yana da takarda.

Kalwa fa? Mace ce za ta sussuke ɗorawa, ta dafa, ta yi daddawa, a ci rabi a gida, rabi ya tafi kasuwar ƙauye. Da mudu ake awo, ko tuli-tuli, ba rasit. Sana'a ce ta ɗan lokaci a shekara, galibi a hannun mata, kuma jami'in da ke cike takarda gero da dawa yake tambaya. Shi ya sa idan mai gawayi ya zo, sai a ga kamar ranar da aka kayar da kaɗanya ne ta fara kawo kuɗi.

Mafita ita ce a shiga gida-gida a tambaya. Cibiyar binciken dazuzzuka ta CIFOR ta yi haka a gidaje kusan 8,000 cikin ƙasashe 24 masu tasowa. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna kusan kashi 28 cikin 100 na abin da gidajen ke samu daga daji da jeji yake fitowa, har da itacen girki a ciki.