Sharhi: Wai intigireshan ɗin nan, wa za a haɗa da wa?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Makon jiya na halarci wani taro a nan Birnin Kebbi, mutum uku suka yi jawabi, kowa ya tashi sai ka ji kalmar Turancin nan intigireshan, intigireshan, shi kuma tafinta duk sanda aka faɗa sai ya ce haɗin kai, aka yi tafi aka watse. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma ba wanda ya ce wa za a haɗa da wa.

Na farko haɗewar ƙasashe yake nufi, wato ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka kafa a 1975, aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga ba biza a 1979. To amma mutumin Kamba da na Gaya ta Nijar ai ba su jira takarda ba, auratayya da cin kasuwa tun kaka da kakanni, Dole Kaina ma gari ɗaya ne iyaka ta ratsa shi. Duk da haka a Agustan 2019 aka rufe boda, a 2023 bayan juyin mulkin Nijar aka sake rufewa, har wutar lantarkin da ke tashi daga nan Birnin Kebbi zuwa Yamai aka yanke, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS gaba ɗaya. Wa ya ji a jikinsa? Direban tirela da kayansa suka ruɓe a hanya, da matar da ta kasa zuwa gaisuwar rasuwar uwarta. An tambaye su? Ba a tambaye su ba!

Na biyu a kan ƙabilu ya yi magana, yana yabon NYSC, shirin yi wa ƙasa hidima da aka kafa a 1973, amma da ka saurare shi da kyau sajewa yake nufi, kowa ya zama abu ɗaya. A'a malam. Cuɗanya daban, sajewa daban. Badakkare ya yi Uholarsa a Zuru, Bazabarme ya riƙe yarensa, mu haɗu a kasuwa mu ƙulla amana, wannan ita ce cuɗanya. In kuwa sai mutum ya yar da harshen uwarsa kafin a karɓe shi, to an haɗiye shi ne kawai.

Na uku shi ne ya fi ƙona min rai, mayar da tubabbun 'yan bindiga cikin jama'a. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga sulhun 2019 sun kuma ga abin da ya biyo baya. Ban ce kar a karɓi tuba ba, ƙila ma a wasu wurare ba wata hanyar sai ita, amma cikin wace jama'a za ka mayar da shi, waɗanda ke kwana a makarantun firamare suna gudun hijira? Su wa zai mayar da su gonakinsu?

Wani zai ce ai kalma ce kawai, bar ta. Ba kalma ce kawai ba, da ita ake rubuta kasafi ana ware kuɗi. Jami'in da zai zo mana da ita ya faɗa da Hausa tsantsa: haɗewa ce, cuɗanya ce, ko mayar da mutum gida? Sannan ya faɗa mana wa za a haɗa da wa, kuma an nemi yardar waɗanda abin ya shafa ko ba a nema ba.