Zinarin da ke kwance tsakanin Bur Sudan da Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Kakanninmu da suka baro Kano da Sakkwato da niyyar Hajji, a Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sudan, suka shiga jirgin ruwa suka tsallaka zuwa Jidda. Ba su san a tsakiyar Bahar Maliyan nan akwai wani rami mai zurfin sama da mita 2,000 da zinari ke kwance a cikinsa ba.

Ana kiransa Atlantis II, sunan jirgin binciken Amurka da ya yi aiki a kansa a 1965. Ga yadda abin yake. Ƙasar Afirka da ta Larabawa suna rabuwa a hankali, ƙasan teku yana tsagewa. Ruwa ya kan kutsa cikin tsagar, ya tarar da dutse mai zafi, ya narkar da gishiri da ƙarafa, sannan ya dawo sama. Saboda nauyin gishirinsa ba ya gauraya da sauran ruwan, sai ya kwanta a ramin kamar tafki a cikin teku, zafinsa ya haura digiri 60. Dubban shekaru ƙarafan suna zuba ƙasa, har suka zama laka mai laushi kamar ƙullun koko, hawa-hawa, ja da baƙi da ruwan ƙasa.

A 1974 Sudan da Saudiyya suka sa hannu cewa arzikin tsakiyar tekun nasu ne tare. Kamfanin Preussag na Jamus ya yi musu bincike, a 1979 kuma aka zura bututu daga jirgi aka zuƙo lakar, aka tace ta. Gwajin ya yi. Farashin ƙarafa ne ya faɗi, aka ajiye maganar. A 2010 an ba wa kamfanonin Manafa na Saudiyya da Diamond Fields na Kanada lasisin shekara 30, amma har yau ba a fara haƙa ba.

To nawa ne zinarin? Nan nake so mu natsu. An ƙiyasta busasshiyar lakar ta kai tan miliyan 90, amma yawancin amfaninta tutiya ce da jan ƙarfe da azurfa. Zinari kusan rabin giram ne a kowane tan. In ka haɗa duka, wajen tan 45 ke nan. Sudan ta sha fitar da fiye da haka a shekara guda, kuma mafi yawansa da hannun dahhaba, masu haƙa da diga da shebur.

Wana ya yi shekaru a ramukan wajen Abu Hamad. Na ga yadda suke niƙa buhunan dutse, su wanke da zaiba, su ƙona a cokali, a ƙarshe ɗan abin da ya rage bai kai ƙwayar gero ba. Tulin ƙasar da aka wanke kuwa yana nan, awaki na bi ta kai. A tudu ke nan, inda ido ke gani.

A teku fa? Duk tan ɗin da aka zuƙo, kusan dukkansa shara ce mai ɗauke da ƙarafa, kuma a gwajin 1979 cikin ruwan aka mayar da ita. Bahar Maliya ƙuntatacciyar teku ce, ƙofarta ta kudu Babul Mandab ce kawai, ruwanta ba ya saurin canjawa. Cikinta murjani yake, cikinta masuntan Sawakin suke jefa koma. Jidda ruwan tekun nan take tacewa ta sha. Mu ma a Bur Sudan, tun da madatsar Arba'at mai ba garin ruwan sha ta fashe a 2024, mun san kuɗin jarkar ruwa. Wallahi duk ranar da aka sake tayar da maganar lasisin nan, tambayar da zan fara yi ita ce a wane zurfi za a saki lakar, kuma wa zai riƙa aunawa.