Me Muke Roƙa Wa Masu Mulki In Mun Durƙusa?

Salama a gare ku 'yan'uwa a cikin sunan Yesu Almasihu. Iyayena fastoci, dattawan ikkilisiya, iyayenmu na zumuntar mata, matasa, sannunku da zuwa cikin ranar nan ta Sakkwato, Ubangiji ya biya ku.

Ku buɗe Timoti ta fari, sura 2, aya 1 da 2. Manzo Bulus ya ce kafin komai a yi roƙo da addu'a da godiya domin dukan mutane, domin sarakuna da duk masu iko, don mu samu zaman lafiya. To wa ke sarautar Roma a ƙarshen rayuwar Bulus? Nero ne, ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa 68, kuma shi ne bayan gobarar birnin Roma a shekara ta 64 ya ɗora wa Kiristoci laifi anka dinga kashe su. Masu bi na farko sun riƙe umarnin ga a ƙarƙashin irin waɗannan sarakuna, to ni da kai ina hujjarmu ta cewa "ai ba shi na zaɓa ba", ko "ai ba addininmu ɗaya ba"? Nan jihar kusan duk masu mulkinmu Musulmi ne, daga gidan gwamnati har ƙananan hukumomi 23, kuma ayar ba ta cire kowa ba. Irmiya ma a sura 29 aya 7 cewa ya yi da waɗanda anka kwasa bauta zuwa Babila su nemi lafiyar birnin su yi masa addu'a, balle mu da nan ne gida, nan muke cin kasuwa, nan 'ya'yanmu ke makaranta.

Amma abin da ya fi damuna shi ne me muke roƙa. Lokacin zaɓe ɗan siyasa zai shigo coci da babbar riga, ya ba da gudummawar gini, sai mu ɗora masa hannu muna Allah ya ƙara girma, Allah ya ba da tazarce, babu wanda ya ambaci talaka ko sau ɗaya. 'Yan'uwa wannan kirari ne, maroƙa ma sun fi mu iyawa. Ku je Zabura 72 ku ga addu'ar da aka yi wa sarki. Roƙon farko Allah ya ba shi adalcinsa, ya yi wa matalauta shari'ar gaskiya, ya ceci 'ya'yan mabukata, ya ragargaza azzalumi, sannan a aya 14 aka ce jininsu ya zama da daraja a idonsa. Jinin talaka fa! Ku tuna mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, manomi sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya girbe gonar ubansa, mata da yara sun watse wasu har Nijar, wasu ga su nan cikin gari suna bara muna wuce su kullum. In za ka yi wa gwamna ko shugaban ƙasa addu'a, roƙi Allah ya sa jinin mutanen nan ya yi masa nauyi har ya hana shi barci, ya ba shi mashawarta masu faɗa masa gaskiya, ya tsare hannunsa daga kuɗin jama'a.

Maƙwabtanmu Musulmi sun san zancen ga, a garin nan kowa ya taɓa jin maganar da ake dangantawa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo cewa mulki na iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci.

Wani zai ce malam, in ina yi masa addu'a ke nan na rufe bakina? A'a. Annabi Natan na kusa da Dauda amma da ya ƙwace matar Uriya shi ya tsaya gabansa ya ce kai ne mutumin. Iliya ya tare Ahab a kan gonar Nabot. Wanda ya yi maka addu'a da hawaye ya fi kowa haƙƙin gaya maka ka yi kuskure, abin da aka hana mu shi ne zagi da tsinuwa, wannan da muke yi a Facebook da dare mu zo coci da safe muna waƙa. Karin Magana 21 aya 1 ta ce zuciyar sarki tana hannun Ubangiji kamar magudanar ruwa, duk wanda ya taɓa ganin mai lambu a fadamar Rima yana toshe nan ya buɗe can ruwa ya bi kwamin albasa ya gane ayar.

Kuma kar mu tsaya kan manya kawai. Talaka bai cika ganin gwamna ba, wanda yake gani shi ne mai unguwa, hakimi, kansila, ɗan sanda a kan hanya, alƙali, da ma'aikacin da ke riƙe fayil ɗin fanshon gwauruwa wata da watanni. Wasunsu suna zaune cikin ɗakin ga yanzu, in kana cikinsu addu'ar ta hau kanka kai ma, kada ka ce amin sannan Litinin ka nemi na goro.

Yanzu kowa ya ɗauki biro ya rubuta masu iko biyar na unguwarsa da ƙaramar hukumarsa, da sunansu in ya sani, in bai sani ba ya tambayi na kusa da shi. In mun gama sai Baba Fasto ya jagorance mu, za mu fara da Mai Alfarma Sarkin Musulmi da gwamna mu gangaro har kan mai unguwa.