Darasin Turanci: passive voice da ƙwayar halitta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, daga nan Kaduna muke zuwa muku. Darasin yau na waɗanda suka yi nisa ne, 'yan jami'ar KASU da Poly da masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, ku da Turancin hira ya zauna a bakinku amma da an ce ku rubuta rahoton lab sai alƙalami ya tsaya.

To a ɗauko albasa. Eh albasar miya dai, ta kasuwar Kawo ma ta yi. Ka ɓare, ka zare wannan siririyar fatar ta ciki mai kamar leda, ka shimfiɗa a gilashi, ka ɗiga aidin, ka leƙa a maikroskof, za ka ga ƙananan ɗakuna a jere, su ne ƙwayoyin halitta, cells a Turance, kowanne da ɗan ɗigo a ciki, wato nukiliyas kenan. Yanzu ya za ka rubuta? Yawancinku cewa za ku yi I peeled the onion. Nahawu bai karye ba, amma malamin da zai duba ba ruwansa da waye ya ɓare, abin da aka yi wa albasar yake so ya ji. Sai ka ce A thin layer was peeled from the onion, sannan It was stained with iodine. Mu ma ai haka muke yi, an ɓare, an ɗiga, ba a faɗi mai yi ba, passive voice kenan.

Sai dai in mai yin yana da muhimmanci a kawo shi da by. Robert Hooke a Ingila, 1665, ya duba ɓawon itace ya ga irin ɗakunan nan, don haka Cells were first described by Robert Hooke in 1665. Ku maimaita, were described, ba were describe ba, wannan d ɗin na ƙarshe da kuke haɗiyewa maki yake ci.

Ga inda ake zamewa, ku saurara da kyau. Jajayen ƙwayoyin jini a ɓargo ake yinsu, Red blood cells are produced in the bone marrow, daidai. Suna yin kwana kamar 120 a jiki, sai ɗalibi da ya ji daɗin passive ya rubuta they are lived for 120 days, subhanallahi! Live ba ya faɗawa kan komai, ba wanda ake yi wa, they live kawai. Haka happen, haka occur, kar in ƙara ganin it was occurred a takardar kowa don Allah. Divide kuma fuska biyu gare shi, the cell divides ita ce ta rabu da kanta, the cell was divided wani ne ya raba ta, kuma a mitosis, wato rabuwar ƙwayar halitta gida biyu, na farkon ake nufi.

Aikin gida, jimla biyar kan sikila, yadda ƙwayar jinin ke lanƙwashewa ta toshe ƙananan jijiyoyi, uku passive biyu active, wato mai fara da mai yi irin I peeled the onion. Sai mun haɗu a darasi na gaba, a huta lafiya.