Likitar da Ta Duba Hoton Ƙirji, Sannan Ta Ce a Fito da Harshe

Jama'a assalamu alaikum, daga Guangzhou ta ƙasar Sin nake magana, ku yi haƙuri da ƙarar motoci, yanzu na fito daga asibitin da muke koyon aiki. Wallahi abin da na gani yau ya ɗaure mini kai. Wani dattijo ya zo da tari, malamarmu ta duba hoton ƙirjinsa a kwamfuta, ta karanta sakamakon jini, sai kuma ta ce ya fito da harshe. Ta daɗe tana kallon farin da ya kwanta a kai, ta ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa ta yi shiru. Ta rubuta masa maganin asibiti, a ƙasa kuma ta jera saiwoyi da ganyaye, kowanne da nauyinsa a giram. Likita ɗaya fa, ta haɗa maganin zamani da maganin gargajiyar Sin!

Na bi shi har ɗakin magani don in gani da idona. Bango guda cike da ƙananan durowoyi, ma'aikata na awo da sikeli, warin sassaƙe ya cika wurin. Ba sai ka je gida ka dafa ba, inji ne ke dafawa ya ƙulle maka a 'yan ledoji, ka ɗumama ka sha. Ni kaina da wuyana ya sage an tsira mini siraran allurai irin na gargajiyarsu, kuɗin bai kai abin da nake kashewa a cin abinci a unguwar Xiaobei ba.

Kada ku ɗauka gado ne kawai. Masu wannan fannin shekara biyar suke yi a jami'a, suna karanta sassan jiki da ilimin magunguna kamar kowa, sai sun ci jarrabawa a ba su lasisi. Tun 2017 akwai dokar ƙasa a kan maganin gargajiyarsu. Mu ma 'yan likitancin zamani sai da aka ɗora mana kwas ɗinsa, ana ta maganar "yin" da "yang", wato sanyi da zafi da suke cewa sai sun daidaita a jiki, kaina har ciwo yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha a gida. Wata masaniyar ƙasar Sin, Tu Youyou, ce ta ciro sinadarinsa daga wani ganye dangin tazargade, bayan ta karanta a littafin wani masanin magani na ƙarni na 4, Ge Hong, cewa jiƙa shi ake yi a matse. Nan ta gane zafi ke ɓata shi. A 2015 aka ba ta lambar Nobel. Mu kuwa tazargade na nan a kasuwar Kurmi, ƙaho kuma wanzamanmu sun iya tun kaka da kakanni, amma yaushe za mu kai su inda Sinawa suka kai nasu?

Af, jakunanmu da suka yi tsada, nan fatunsu ke zuwa, ana dafa su a yi wani magani mai suna ejiao. Har sai da Tarayyar Afirka ta hana yanka su don fata a 2024.

To ɗan'uwa, in ka shigo sari ka ji ciwo, kada ka sayi haɗin kan titi, akwai saiwoyin da ke kashe ƙoda. In kana shan maganin tsinka jini, faɗa wa likita kafin ka taɓa saiwar ginseng. Kuma ka tambaya sosai, wasu magungunan a cikin giya ake jiƙa su. Bari in ruga, jirgin ƙasa ba ya jira.