Lacca: Kwana huɗu a Alƙahira, yadda za ka tsara su

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla.

Jama'a, abin da ya sa na zaɓi Alƙahira shi ne mu Kanawa muna zuwanta sosai, wani asibiti ya kai shi, wani ɗansa ne ke karatu a Azhar, wani sarin kaya, jirgin EgyptAir daga filin Malam Aminu Kano yake ɗaukar mu kai tsaye. Amma sai mutum ya yi sati biyu ya dawo ka tambaye shi me ka gani, ya ce otal da asibiti da kasuwa. Wallahi wannan abin yana min ciwo.

Garin nan da kewayensa ya haura mutum miliyan 20, go-slow ɗinsa kuwa na Kofar Wambai ranar jajiberin sallah wasa ne. Don haka kada ka tsara tafiyarka da sunan wurare, tsara ta da unguwa. Rana ɗaya, ɓangare ɗaya, shi ke nan.

Ranar farko Giza, ka fita da sassafe kafin rana ta take. Mu da muka taso muna jin labarin dalar gyada, to ga dalar dutse, babbar cikinsu ta yi shekara wajen 4,500 kuma asalin tsayinta mita 146 ne. Da na tsaya a gindinta, dutse ɗaya na layin ƙasa ya kusa kai min ƙirji, na daɗe ina kallo ban ce komai ba. Sai dai hattara da masu raƙumi, a gabana wani ya ce wa abokin tafiyata hau kyauta, da ya zo sauka aka ce sai ya biya. Ku yi ciniki tun kuna ƙasa, hawa da sauka.

Rana ta biyu Fusɗaɗ, wato tsohon ɓangaren Alƙahira, nan ne zan ɗan daɗe. Masallacin Amru ɗan Asi yana nan, sahabin da ya buɗe Masar, an kafa shi wajen shekarar 642, ka yi raka'a biyu a ciki ka zauna, kada ka yi sauri. Kuma masu neman gawar Fir'auna ku saurara da kyau, da yawa suna tafiya gidan tarihi na Tahrir su sha wahalar banza, alhali tun Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 zuwa sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ, har da Ramsis na biyu wanda mutane da yawa ke cewa shi ne na zamanin Annabi Musa, Allah ne mafi sani. Ka gan shi kwance, gashin kansa yana nan, hancinsa yana nan, jikinka sai ya yi sanyi. Kabarin Imam Shafi'i ma babu nisa daga nan.

Ta uku ganuwar Salahuddin da ya fara ginawa a 1176, daga nan ka gangara masallacin Azhar da aka aza harsashinsa a 970, ka tsallaka titi ka shiga kasuwar Khan Khalili da yamma. Hajiya na ga kin gyara zama da na ambaci kasuwa, to ranar huɗu taku ce gaba ɗaya, amma a bari sai ƙarshe, in ba haka ba kuɗin zai ƙare a abaya da turare.

Lokacin zuwa, Nuwamba zuwa Fabrairu, ka tafi da rigar sanyi. Biza da katin allurar shawara ka gama su tun a gida. Ka riƙe katin banki mai aiki a waje don manyan wuraren tarihi yanzu da kati ake yankar tikiti. Jirgin ƙasan metro yana da arha kuma akwai taragon mata zalla. Abinci kuma ku ɗanɗana koshari, shinkafa ce da taliya da adas, wani irin ƙananan wake.

Alhaji can baya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.